Carnobil: Gobarar Kwana Goma, Ɗawainiyar Shekara Ɗari

Yau za mu nufi arewacin Yukiren, daf da iyakarta da Belarus, inda tashar lantarkin nukiliya ta Carnobil take. Da ƙarfe 1:23 na dare, wayewar garin Asabar 26 ga Afrilun 1986, tukunyar nukiliya ta huɗu a tashar ta fashe, a daidai lokacin da ma'aikata ke gwada yadda za ta kasance idan wuta ta ɗauke. Rufin ya yi sama, gobara ta kama, aka yi kusan kwana goma burbushin nukiliya na tashi, iska tana kai shi Belarus da Rasha da sauran ƙasashen Turai. Duk wanda ya ji wannan labari, abin da yake fara tambaya shi ne mutum nawa suka mutu. Za mu amsa wannan tambaya, sai dai a ganina ta yi wa lamarin kaɗan. Abin da ya raba hatsarin nukiliya da faɗuwar jirgi ko rushewar bene shi ne daɗewa. Yana bar wa al'umma aikin da za a yi ta fama da shi shekara da shekaru, kuma yawan ɓarnar da za a gani a ƙarshe ya fi rataya a kan yadda hukuma ta riƙe wannan aiki, musamman ko ta gaya wa mutane gaskiya da wuri, fiye da ƙarfin fashewar kanta.

Bari mu fara da lissafin mamatan. Mutum biyu sun rasu sakamakon fashewar kanta. Daga cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana da suka shiga wurin, likitoci sun tabbatar cewa tururin nukiliya ya yi wa 134 mummunar illa, 28 daga cikinsu kuma suka cika a watannin da suka biyo baya. Har nan babu gardama. Daga nan ne lissafi ke rarrabuwa. A 2005, wani taron hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙarshe ciwon daji zai iya kashe har mutum 4,000 daga cikin kimanin 600,000 da tururin ya fi shafa. A 2006 ƙungiyar Greenpeace ta ce adadin zai kai wajen 93,000. Wannan tazara ba lalle ta zama alamar cewa wani na ƙarya ba. Ciwon dajin da tururin nukiliya ya jawo ba ya zuwa da wata shaida da za ta bambanta shi da wanda taba ko gado ko tsufa suka jawo, kuma a ƙasashen Turai wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ciwon daji ne ke zama ajalinsa ko da ba a yi wani hatsari ba. Saboda haka kowa ƙiyasi yake yi, amsar da zai samu kuwa ta danganta da yawan mutanen da ya saka a lissafi da kuma yadda ya ɗauki illar ɗan tururi ƙalilan. Wanda ya kafe a kan wannan gardama zai yi shekaru bai tashi ba, alhali akwai ɓarnar da take a fili, wadda aka san sanadinta.

Wannan ɓarna ta biyo ta nonon shanu ne. Cikin abubuwan da tukunyar ta fitar akwai wani nau'in sinadarin aidin mai guba, wanda masana ke kira aidin-131. Ba ya daɗewa, duk kwana takwas rabin ƙarfinsa ke tafiya, ta yadda bayan wata uku kusan babu sauransa. Amma a cikin waɗannan makonni ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ya fito a nono, yara suka sha. A gaban wuyan ɗan'adam akwai wata 'yar halitta, wadda idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta tara aidin, kuma ba ta bambanta mai kyau da mai guba. Ta yaro ƙarama ce, tana kan girma, ga shi kuma yankin dama yana da ƙarancin aidin a abinci, don haka ta zuƙi gubar da yawa. Maganin abin kuwa ba mai wuya ba ne, kuma an san shi tun kafin 1986: a hana shan sabon nono na 'yan makonni, a ba yara aidin mai kyau don halittar ta ƙoshi ta daina karɓa. To me hukumomin Tarayyar Sobiyet suka yi? Garin Pripyat, mai mutum kusan 50,000, tazarar kilomita uku kawai daga tashar, ba a kwashe shi ba sai bayan wajen awa 36, aka kuma ce wa mutane su ɗauki kayan kwana uku. Duniya ba ta ji labari ba sai ranar 28 ga wata, da na'urorin tashar Forsmark a Suwidin suka nuna akwai tururi a jikin ma'aikata, aka bincika aka ga daga waje iska ta kawo shi. A daren ne Mosko ta fitar da sanarwa ta 'yan jimloli. Ranar 1 ga Mayu aka yi faretin ranar ma'aikata a birnin Kiyef, har da yara a kan titi. Shugaba Mikhail Gorbachev bai yi wa ƙasa jawabi ba sai 14 ga Mayu. A duk tsawon wannan lokaci, a ƙauyukan Belarus da Yukiren, iyaye mata na tatsar saniyar gida suna ba 'ya'yansu, don ba wanda ya ce musu kada su yi.

Sakamakon bai fito ba sai bayan shekara huɗu zuwa biyar, lokacin da likitoci a Minsk, babban birnin Belarus, suka fara ganin yara da ciwon dajin wannan halitta ta wuya, cutar da a da sai a daɗe ba a ga yaro ɗaya da ita ba. Da farko ma wasu masanan Yamma sun yi shakkar rahoton. Zuwa 2005 an samu sama da mutum 6,000 da suka kamu daga cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin hatsarin, a Belarus da Yukiren da yankunan Rasha da abin ya shafa, kuma kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kaso mai yawa daga ciki nonon nan ne sanadi. Mutum 15 ne suka rasu zuwa wannan shekara, domin ciwon yana jin magani. Sai dai kada kalmar jin magani ta ruɗe mu: ana nufin a yanka wuya a cire halittar, mutum ya rayu da tabo, yana shan ƙwaya kullum har ƙarshen ransa. A kwatanta da maƙwabciya Folan, wadda ita ma a lokacin tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Kwana uku da hatsarin ta fara raba ruwan aidin, ta ba yara sama da miliyan goma, ta kuma hana sayar da nonon shanun da ke kiwo a fili. Gaskiya ne Folan ta fi nisa, gubar da ta sauka mata ba ta kai ta jihar Gomel ta Belarus ba, amma ta nuna cewa ana iya yin aikin cikin kwanaki idan an so.

Aidin ya tafi cikin watanni, amma akwai waɗanda suka zauna. Sinadarin sisiyom-137 sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya tafi, sitirontiyom-90 ma kusan haka. Wato a 2016 rabin sisiyom ɗin Carnobil yana nan, a 2046 kuma za a sami kashi ɗaya bisa huɗu. Kusa da tashar akwai fulutoniyom, wanda wani nau'insa sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya ragu. Kusan kashi 23 cikin ɗari na ƙasar Belarus sisiyom ya gurɓata, mafi muni a jihohin Gomel da Mogilev. Abin lura a nan shi ne yadda irin ƙasa ke canza komai. Inda akwai yumɓu, yana riƙe sisiyom ya hana shi shiga saiwa. Inda ƙasa rairayi ce ko ta ruɓaɓɓen ganyen fadama, kamar yankin Polesiya, tsiro na zuƙarsa a sauƙaƙe, domin yana ɗaukarsa a matsayin fotash. A daji kuwa ya fi taurin kai: itace ya zuƙa, ganye ya faɗi, naman kaza ya tara, dabba ta ci, ya koma ƙasa, a sake zagayowa. Shi ya sa talakan ƙauye da ke dogaro da saniyarsa da naman kaza da 'ya'yan itacen daji ya fi ɗan birni mai sayen abinci a kanti shan gubar. Abin ya kai nesa ƙwarai. A Birtaniya an sa wa gonakin tumaki kusan 10,000 takunkumi a 1986, ba a ɗage na ƙarshe ba sai 2012. Al'ummar Sami ta arewacin Nowe da Suwidin, masu kiwon wata irin barewa, sun yi asarar naman dubban dabbobi a shekarar farko, domin gansakukar da dabbobin ke ci ta tara gubar. A nan ma akwai dabarun da suka yi aiki inda aka yi amfani da su: zuba takin fotash da farar ƙasa a gona, yin huɗa mai zurfi, ba shanu wani shuɗin sinadari da ke kama sisiyom a cikin hanji ya fitar da shi, da ciyar da dabba abinci mai tsabta na wasu makonni kafin yanka. Duk waɗannan kuɗi suke ci, kuma kowace shekara ake sake su. Inda kuɗin ya yanke, gubar kan sake bayyana a nono.

Sai kuma maganar tashi daga gida, wadda lissafin mamata ba ya taɓa ta. A 1986 an kwashe mutum kusan 116,000 daga kewayen kilomita 30, a shekarun da suka biyo baya kuma aka ƙara tayar da wasu sama da 200,000. Da yawa daga cikinsu manoma ne da suka gaji ƙasarsu kaka da kakanni, aka kai su gidajen bene a garuruwan da ba su san kowa ba, aka raba maƙwabci da maƙwabci, aka bar maƙabartu a baya. A wasu wuraren mutanen gari sun riƙa ƙyamarsu, ana tsoron haɗa aure da su. Mutum wajen miliyan biyar kuma suka ci gaba da zama a yankunan da aka yi wa laƙabi da gurɓatattu, kowane ciwon kai ya zo sai a ce Carnobil ce. Rahoton 2005 ɗin nan ya ce matsalar lafiya mafi girma da hatsarin ya haifar ita ce ta ƙwaƙwalwa da zuciya: fargaba, baƙin ciki, shaye-shaye, da jin cewa an riga an rubuta wa mutum ajali, don haka ba amfanin kula da kai. Wasu na jin wannan magana kamar raini, kamar ana cewa ciwon duk a kai yake. Ni ba haka na fahimce ta ba. Mutanen da hukuma ta yi wa shiru a makonnin da suka fi hatsari, aka kuma ɓoye taswirar gurɓata har zuwa 1989, ba su da dalilin yarda da ita ranar da ta dawo tana cewa komai lafiya. Fargabar tasu daga wancan shirun ta samo asali. Wasu tsofaffi, galibi mata, sun ƙi zaman da aka ba su, suka lallaɓa suka koma ƙauyukansu a cikin yankin da aka haramta, daga baya hukuma ta kau da kai ta ƙyale su.

Hatsarin Fukushima na Japan, a watan Maris na 2011, ya haska wannan batu ta ɗaya gefen. Can an hana sayar da nono da ganyayen yankin cikin kwanaki, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bai ga wata cuta a jikin mazauna da za a iya dangantawa da tururin ba. Amma an tayar da mutum wajen 160,000, har da marasa lafiya a gadon asibiti da tsofaffi a gidajen kula da su, kuma hukumomin jihar Fukushima sun lissafa sama da mutum 2,000 da wahalar ƙaura da zaman gudun hijira suka kashe. Ga da yawa daga cikin waɗannan tsofaffi, an yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Carnobil ta yi jinkirin hana nono, Fukushima ta yi gaggawar kwashe waɗanda jikinsu ba zai jure tafiya ba. A duka biyun, shawarar da mutane suka yanke bayan hatsarin ce ta fi taɓa rayuka.

Yanzu mu saurari masu ja. Na farko zai ce: ai dajin Carnobil ya farfaɗo, to ina ɓarnar muhallin? Yana da hujja. Wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa a ɓangaren Belarus na yankin, yawan bareyi da aladun daji bai gaza na gandun dajin da ba su gurɓata ba, kyarketai kuwa sun ninka wajen sau bakwai. Dawakin daji da aka sako a 1998 sun hayayyafa. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne gatari da garma da bindigar maharbi sun fi tururin cutar da namun daji, ba wai tururin ba ya cutarwa ba. A 1986 itatuwan fayin da ke kusa da tashar sun yi ja sun mutu, har ake kiran wurin Jan Daji. Wasu masu bincike sun ba da rahoton ƙarancin tsuntsaye da ƙwari a wuraren da gubar ta fi yawa, ko da yake wasu na ja da girman abin. Sannan dajin da ba a kula da shi yana tara busasshen itace, idan gobara ta tashi, kamar yadda ta yi a Afrilun 2020, hayaƙi na sake ɗaga abin da ya kwanta. Kyarkeci kuma ba ya daɗewa a duniya, ba ya noma, ba ya shayar da jariri nonon saniya. Jin daɗinsa a wurin bai zama izinin komawar mutum ba.

Na biyu zai ce: kuna tsorata mutane a banza, gawayin kwal ya fi nukiliya kisa nesa ba kusa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe ta ba tare da noƙe-noƙe ba. Idan aka auna mace-mace da yawan lantarkin da aka samar, hayaƙin kwal da na man fetur sun fi nukiliya kisa ninkin-ba-ninkin, ko da an saka Carnobil da Fukushima a lissafi. Zai ƙara da cewa irin tukunyar Carnobil tana da aibi a ƙirarta, ba ta da ƙaƙƙarfan ginin kariya da ake yi wa tukwanen zamani, kuma wani bincike na 2021 a kan yara 130 da iyayensu suka sha tururin bai ga ƙarin canji a ƙwayoyin gadonsu ba, abin da ya kwantar da tsoron da aka daɗe ana yi na haihuwar nakasassu. Na karɓi duk wannan. Wanda ya ce kada a taɓa nukiliya saboda Carnobil, alhali janareto na zuba masa hayaƙi a tsakar gida, bai yi lissafi daidai ba. Sai dai wannan ma'auni na gawa a kan kowane ma'aunin lantarki ba ya ɗaukar ƙasar noma da ta fita daga hannu, ba ya ɗaukar garin da ya watse, ba ya kuma ɗaukar tambayar wa zai ci gaba da biya. Tashar kwal idan aka rufe ta hayaƙinta ya tsaya. Tukunyar da ta fashe ba a rufe ta a tafi.

A duba abin da aka yi ta yi a Carnobil tun daga lokacin. Mutum wajen 600,000, sojoji da masu haƙar ma'adinai da direbobi da injiniyoyi, aka ba takardar shaidar sun yi aikin share wurin. Wasunsu sun hau rufin suna kwasar tarkace da shebur, kowa na ɗan taƙaitaccen lokaci, saboda na'urorin da aka tura tururi ya lalata su. Daga baya an ga ƙaruwar yanar ido da sankarar jini a cikin waɗanda suka fi shan tururin. A watan Nuwamban 1986 aka gama rufe tukunyar da kankare da ƙarfe cikin gaggawa. Shekara biyar bayan nan, a 1991, Tarayyar Sobiyet da ta gina tashar ta wargaje, aka bar wa sababbin ƙasashe biyu masu fama da talauci ɗawainiyar. A wannan shekarar Belarus ta kashe sama da kashi 22 cikin ɗari na kasafin kuɗinta a kan abin da ya shafi Carnobil, Yukiren kuma ta daɗe tana kashe kashi biyar zuwa bakwai. Sauran tukwanen tashar ma sun ci gaba da aiki, ba a kashe ta ƙarshe ba sai Disamban 2000. Da rufin farko ya fara lalacewa, sai da ƙasashe sama da 40 suka yi karo-karo aka ƙera wata ƙatuwar rumfar ƙarfe mai tsawon sama da mita 100, aka tura ta bisa tsohon ginin a Nuwamban 2016, bayan an kashe wajen yuro biliyan ɗaya da rabi. An tsara ta ta yi shekara 100, don a samu sararin wargaza abin da ke ciki, domin narkakken makamashin yana nan a ƙarƙashi. Waɗanda suka tsara ta sun yi tanadin guguwa da girgizar ƙasa, yaƙi ne bai shiga lissafinsu ba. A ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka mamaye wurin, suka riƙe shi har ƙarshen Maris, ma'aikatan da ke bakin aiki suka yi makonni ba a canje su ba. A ranar 14 ga Fabrairun 2025 kuma jirgi maras matuƙi ya huda rufin rumfar. Yukiren ta zargi Rasha, Rasha ta musanta. Tururi bai ƙaru a waje ba, amma rumfar shekara ɗari ta samu rauni tun ba ta cika goma ba.

Wannan magana ba ta yi mana nisa kamar yadda take a taswira ba. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit, a Jamhuriyar Nijar, ya yi shekaru yana ciyar da tukwanen Faransa. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, wadda ƙarfinta bai kai a kwatanta ta da tashar lantarki ba. Nijeriya ta daɗe tana zancen gina tashoshi a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom, Gana na nata shirin, Masar kuma tana kan gini a El Dabaa. Masu fama da rashin wuta suna da haƙƙin neman kowace hanya. Amma idan an zo tattauna batun, bayan tambayar kuɗin gini da ƙarfin lantarki, akwai tambayoyin da Carnobil ta sa dole a yi. Hukumar da ke sa ido za ta iya rufe tashar ko da gwamnati ba ta so? Wane asusu aka ware don shekarun da za su biyo bayan rufewa, kuma a hannun wa yake? Ina aka ajiye ƙwayar aidin, kuma cikin awa nawa za ta isa ƙauye? Sannan a ƙasar da yawancin nonon da ake sha daga ruga yake zuwa kai tsaye cikin ƙwarya, bai bi ta wata ma'aikatar awo ba, wa zai kai wa makiyayi saƙo a cikin kwana biyu, da harshen da yake ji, kuma wa zai biya shi kuɗin nonon da aka ce ya zubar?